Ni da Gara: Daga Gwagwalada zuwa Gonar Babanmu

Mai karatu, ni Bagwari ne daga yankin Kwali, a kasuwa da makaranta na koyi Hausa. Kalmar da ta fi ba ni wahala a aji ɗaya ita ce "gara". Akwai ta ƙwaro, akwai ta amarya, ga kuma ta "gara haka". Malaminmu ya ce tsawon wasali da karin sauti ne suka raba su. Ta ƙwaron ce ta koya mini karatu na biyu.

Bayan hutu na koma ɗakin da nake haya a Gwagwalada, sai na tarar ta bi ta bango ta shiga kwalin littattafaina. Ta cinye rabin ƙamusuna da duk karin maganar da na tattaro a bakin tsofaffi don kundin digirina. Wallahi sai da na yi hawaye.

Da na je gida na ga surin da ke tsakiyar gonarmu, wanda ya fi ni tsawo, sai na ɗauko diga. Babanmu ya hana. Ya ce, "Duba dawar da ke gindinsa tukuna." Haƙiƙa ta fi saura tsayi da kore. Daga baya na karanta dalili. Gara tana haƙo ƙasa daga can ciki, tana jan karmami da kashin shanu zuwa ƙarƙashi, ramukanta kuma su ne hanyar da ruwan sama ke nutsewa maimakon ya kwashe ƙasar gona. Abin mamaki, a cikin surin noma take yi: tana shuka wani irin naman kaza a kan abin da ta tattauna, shi ke narkar mata da itace. Manoman Tawa a Nijar da marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023, da gangan suke gayyatar ta. Su haƙa rami su zuba taki, ita kuma ta fasa musu fako.

Sai tsuntsaye. Da ruwan fari, wajen watan Afrilu, shinge kan fito dubbai. Shirwa da tsattsewa su cafke shi a sama, cilakowa da fakara da zabin daji su tsince na ƙasa, mu yara kuma da kwanon ruwa a gindin fitila, don soyayyen shinge ba abin rainawa ba ne. Lokacin ne tsuntsaye da yawa ke ƙyanƙyasa, kamar yadda innata ke ɗebo gara a tukunya don 'yan tsakinta.

Tun da aka dawo da babban birni Abuja a 1991 gini ke cin daji. Gonar maƙwabcinmu an sayar, katafila ta baje suri huɗu cikin yini guda, an zuba magani kafin a sa tubali. Ban ga laifin mai gini ba, ni ma na san ɓarnarta. Amma bana da asuba ban ji kukan fakara daga wancan gefen ba.

Namu surin yana nan. Littattafaina kuwa yanzu a akwatin ƙarfe suke kwana.