Gam Mai Ƙarfi da Tabaran Baba

Ɗan'uwa mai karatu, ka san motar kara da yaranmu ke yi bayan an gama girbi. Su feƙe karan dawa, su haɗa shi da sille, su yi ƙafafu da sakaina ko tsohon silifa. Bara ɗana ya yi wata babba, irin motocin da ke ɗaukar kaya daga Dungas zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Ya yanko gorar ruwa ta roba, wadda ake ganin ciki, ya ce ita ce gilashin gaba. Ya ce in liƙa masa.

Ni kuwa ina son motar don ajinmu na yaƙi da jahilci. A makarantar horon malamai an koya mana cewa in za ka koyar da baƙi, ka kawo abin da ido zai gani. Ga "m", ga mota. Sai na sayo ɗan ƙaramin gam ɗin nan da ake kira sufa gulu, wanda ke kamawa nan take. Na ce ai babu wanda ya fi shi ƙarfi. Na zuba da yawa, na danna da yatsa, na sa motar cikin kwano na rufe don kada awaki su taɓa.

Da gari ya waye, gilashin ya yi fari fat, kamar an barbaɗa masa gari. Har ga shatin babban yatsana a tsakiya. Na goge da ruwa, bai fita ba. Yaro ya yi ta kuka.

Daga baya na bincika, na gane dalili. Wannan gam danshi ne ke sa shi daskarewa. In ka zuba da yawa, wanda bai daskare ba yana tashi kamar tururi, ido ba ya gani. Sai ya sauka kan robar, ya tarar da danshi da maiƙon hannu, ya daskare a nan ya zama fari. Rufewar da na yi cikin kwano ita ta ƙara ɓata abin, don tururin bai sami hanyar fita ba. Har ƴan sanda a ƙasashe da yawa suna amfani da wannan tururi don su fito da shatin yatsun ɓarawo a kan kaya. Wani Ba'amurke mai suna Harry Coover ne ya gano gam ɗin a 1942, lokacin yaƙin duniya na biyu. Abin dariya, roba mai haske suke nema don saitin bindiga. Sai a 1958 aka fara sayar da shi.

To, ga inda na yi kuskure babba. Na ɗauka wannan maganar wasan yara ce, ban faɗa wa ajinmu ba.

Akwai wani dattijo a ajin, dukanmu Baba muke ce masa. Ya haura sittin, amma bai taɓa fashin zuwa ba. Burinsa ya karanta takardar awo da kansa in ya kai riɗi kasuwa. Da tabarau yake karatu, wanda ɗansa ya sayo masa a Damagaram. Wata rana ido ɗaya na tabaran ya faɗo. Ya aiki jikansa ya sayo wannan gam, ya zagaye bakin da shi, ya mayar cikin gidansa ya rufe. Da dare ya zo aji, ya miƙo mini.

"Malam, duba mini. Hazo ya shiga tabarau."

Na karɓa na duba a fitila. Ido biyun duka sun yi fari. Na ce, "Baba, wannan ba ya gyaruwa." Kunya ta kama ni, don na san abin tun wata guda da ya wuce. Yawancin tabaran yanzu idonsu roba ne, ba gilashi ba. In ka goge da fetur ko maganin cire jan farce, sai ka ƙara kashe shi.

Shi ya sa nake rubuta maka wannan. Kayan roba masu haske sun yi yawa a gidajenmu: fuskar tocila, murfin fitilar sola, fitilar babur, fuskar agogo, fuskar salula. In ɗaya ya ɓalle, kada ka yi saurin ɗauko sufa gulu.

Na sake gwadawa a kan motar yaro da wasu abubuwa. Ƙaron ɗakwara da malamai ke sa wa tawada yana kama takarda sosai, amma a kan roba sai ya bushe ya ɓamɓare. Sholishon masu faci yana barin rawaya, kuma yana cin wasu robobi. Wanda ya fi min daɗi shi ne farin gam na kafinta. Yana fita fari kamar nono, amma in ya bushe sai ya washe, kuma ba ya tururi. In ya zarce, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma tun bai bushe ba. Turawa masu haɗa ƙananan jiragen sama na roba don nishaɗi, da irinsa suke liƙa gilashin wurin zaman direba. Sai dai ƙarfinsa kaɗan ne, kuma ba ya son ruwa. Ya ishi motar wasa, bai ishi fitilar babur ba.

In ƙarfi kake so, nemi gam mai bututu biyu wanda ake cuɗawa. Ka ɗebi kaɗan daga kowanne daidai wa daida, ka gauraya, ka shafa da tsinke a baki-baki kawai. Ka bar shi ya kwana a sarari.

In kuwa dole sai sufa gulu, to, ka cire abin mai haske tukuna. Ka liƙa karayar da ɗigo ɗaya, ka bar ta a iska har gobe, sa'an nan ka mayar da idon. Kada ka sa shi a auduga, yana yin zafi har ya ƙone fata. Kada ka ajiye shi kusa da maganin ciwon ido, don ƴan kwalabensu sun yi kama. In ya shiga ido, kada ka ɓamɓare, ka wanke da ruwa ka tafi gidan likita.

Ɗana dai a ƙarshe bai yi amfani da gam ba. Ya tsaga karan, ya zura robar ciki, ya soke da ƙaya. Har yau tana nan.

Baba kuwa ya yi sati 5 ba tabarau. Na dawo da shi gaba kusa da fitila, ina rubuta masa manyan baƙaƙe a allo. Da ya sayar da akuya ya sayi wani, ƙafar sabon ta fara lilo. Ya kawo mini tun bai taɓa ba, muka ɗaure da zare.