Keke a ƙasar yashi da ƙaya

Duk wanda ya bi babbar hanya mai lamba 1 daga Gidan Rumji, ya biyo ta Maraɗi da Cadawa, ya wuce Agye har Gazawa, yana iya zaton tafiya a wannan jaha abu ne mai sauƙi. Kwalta ke ruɗinsa. Mafi yawan ƙauyukanmu ba su bisa kwalta, ba su ma bisa burji. Hanyarsu sawun amalanke ne da ya ratsa gonakin jigawa, inda yashi kan kai idon sawu da rani.

Akwai wani ma'aikacin gona a gundumar Agye wanda aikinsa zagaya manoma. Moton sabis ya kwanta yana jiran kayan gyara, kuma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 man kwalba ya daina zama na mai ƙaramin albashi. Damina kuwa ba ta jiran kowa: shawarar da ba ta isa ga manomi kafin shuka ba, sai baɗi. Sai ya yanke ya sayi keke da kuɗin aljihunsa, sau ɗaya tak, domin albashin ba ya ɗaukar saye biyu.

A Maraɗi aka jera masa iri uku. Ga baƙin Phoenix na Sin, mai ƙafa inci 28, wanda ƴan kasuwa suka sani tun iyaye. Yana ɗaukar buhun hatsi, amma shi kansa ya kai kilo 20. Ga keken tsere na hannu daga Turai, irin na gasar Tour du Faso da ake yi a Burkina tun 1987, nauyinsa rabin wancan, tayarsa ba ta fi yatsa kauri ba. Ga kuma VTT, keken dajin da aka ƙirƙiro a duwatsun Kaliforniya a shekarun 1970, mai ƙafa inci 26 da taya mai faɗin santimita 5. Ƙanensa da ya rako shi ya ɗaga na tseren da hannu ɗaya, ya ce: “Yaya, in sauri kake so, ai ba sai an yi shawara ba.”

Yaron yana da gaskiya bisa kwalta. Sai dai siririyar taya tana bukatar iska mai tsanani, bar 6 ko 7, don kada ta daki ƙarfen ƙafar. Da wannan taurin, wurin da ke taɓa ƙasa ɗan ƙanƙani ne, nauyin mutum duka ya taru a nan, sai ta yanka yashi kamar wuƙa ta nutse. Taya mai faɗi ana iya rage mata iska zuwa bar 2, ta baje, ta raba nauyin, ta bi saman yashin kamar tafin raƙumi. Keken da ya fi sauri tsakanin Agye da ƙauyukanta shi ne wanda mai shi bai cika sauka yana turawa ba.

Direbobin daji sun daɗe da sanin wannan, har abin ya shiga tarihin jahar. A 1983, Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya mai aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi, ya tsaya rage iskar tayoyin motarsa saboda yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a bakin hanya, ya gane toho ne na kututturen icce mai rai a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka yayata sassabin zamani, wato manomi ya bar tohon ya yi masa aski maimakon ya tuge shi. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kansa, kuma ana ƙiyasin an farfaɗo da wajen eka miliyan 5, a ma'aunin hekta, a kudancin Nijar.

Abin dariya, wannan alherin da ma'aikacin ke yaɗawa shi ne babban abokin gabar tayarsa. Gawo da aduwa da bagaruwa da magarya duk masu ƙaya ne. Rassan da aka sassabe a bakin hanya suke faɗuwa, da su ake shinge, shanun amalanke su tattake su cikin yashi. Ga kuma tsidau, wanda ko ta ina ya kwanta tsininsa na kallon sama. Ƙarangiya dai wando ta fi damu. A can yammacin jahar, wajen iyakar gundumar Gidan Rumji, inda ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara suka kwararo a 2019 saboda ƴan bindiga, faci biyu a jere na iya sa magariba ta riski mutum a inda ba ya so.

A Turai da Amurka an samo wa wannan magani. Masu keken burji, wani iri da ke tsakanin na tsere da VTT, suna cire tub gaba ɗaya, su zuba wa taya wani ruwan danƙo mai toshe huda da kansa. Dabarar tana aiki. Amma ruwan kan bushe cikin ƴan watanni, ya fi saurin bushewa a zafi, kuma watan Afrilu a nan ya kan wuce digiri 40. In ya ƙare, ba a kasuwar ƙauye za a same shi ba. Haka ƙafafun nan marasa nauyi na kabon: in sun tsage, babu makanikin da zai miƙe su a gindin icce.

Wani tsohon mai gyaran keke ne ya raba gardamar. Bai ko dubi fenti ba, ƙafafun ya juya. “Ɗana,” ya ce, “sayi abin da mai facin ƙauye ya san bakinsa.” Ya ƙirga wayoyin ƙafar VTT ɗin, 36, ya ce in ɗaya ta tsinke sauran za su kai mutum gida. Ya duba bawul, ya tabbatar mai kauri ne irin na moto, domin siririn nan na keken tsere ba ya shiga famfon kowa. Ya hana shi wani mai sifirin a gaba: ƙarin nauyi ne, kuma ƙurar hunturu za ta daskarar da shi. Jikin keken na ƙarfe ne, wanda kowane mai walda ke iya ɗinkewa.

A kan taya suka fi daɗewa. Mai manyan haƙora ta laka ce da dutse, a yashi haƙa take yi, a kwalta kuma sai ƙugi da jan ƙafa. Suka zaɓi mai ƙananan haƙora masu yawa. Sa'an nan tsohon ya yanke gefen wata tsohuwar taya ya shimfiɗa ta cikin sabuwa, ta zama garkuwa tsakanin ƙaya da tub. Wannan yana ƙara nauyi a wurin da ƙafa ta fi jinsa, don haka a baya kaɗai suka sa, inda nauyin mahayi ya fi sauka kuma huda ta fi yawa. Ya gargaɗe shi kada rage iska ya wuce kima, domin in taya ta daki saiwa, ƙarfen ƙafar kan matse tub ya huda shi wuri biyu. Kuma kada ya jiƙa sarƙa da baƙin mai, don yashi ya manne ya cinye ta.

Ɗan kasuwar da ke kai buhu kasuwar Gazawa ba shi da dalilin rabuwa da Phoenix ɗinsa. Wannan zaɓin na mai jaka da littafi ne. Ko shi ma'aikacin, akwai kwazazzabai masu lallausan yashi da har yanzu yake sauka ya tura, yaran ƙauye na biye suna yi masa sannu da aiki. Bayan ruwan farko kuwa, da yashi ya kwanta, ya kan zagaya ƙauye uku kafin azahar. A jakarsa akwai famfo, da tub guda, da faci da danƙonsa, da hantsaki na cire tsinin ƙayar da kan karye ya maƙale cikin taya, wanda in an bar shi zai sake huda tub ɗin kafin a fita gonar farko.