Tsutsar Ciki: Tsakanin Ƙoƙon Kaka Da Ƙwayar Asibiti

Akwai cututtukan da mu Hausawa muka mayar 'yan gida, har ba mu cika kiransu cuta ba, kuma a sahun gabansu akwai tsutsar ciki. Uwa za ta ga ɗanta ya rame, wuya ya tsuke, ciki ya yi gaba, sai ta ce "ai tsutsa ce," ta ci gaba da dakanta. Wasu ma cewa suke yi kowa da tasa aka haife shi, wai ita ke taya ciki niƙa abinci. Ni dai, mai karatu, ban yarda da wannan magana ba. Abin da ke cin rabon yaro tun kafin ya kai jikinsa ba mataimaki ba ne, ɓarawo ne.

A babban gida na tashi, mu yara mun fi goma sha biyar, kuma kakarmu ce likitan gidan. Tana da alamominta da take ganewa da su: yaron da ke tauna haƙora cikin barci, wanda ke yawan tofar da yawu, wanda ke ci kamar gara amma ba ya ƙiba, wanda ke riƙe cibiya yana murƙususu da safe, da wanda ke lasar bangon ɗaki yana cin ƙasa. Da damina ta faɗi sai ta jiƙa sassaƙen maɗaci ya kwana, da asuba ta jera mu, ƙoƙo ɗaya na zagayawa, ita kuma tana tsaye da tsumagiya saboda masu zubarwa. Har yau in na ji an ambaci maɗaci sai yawun bakina ya tsinke.

Da na girma na yi 'yan karance-karance, sai na tarar abin da muke kira da suna ɗaya ashe dangi ne da yawa, kuma kowacce da ƙofar da take shigowa. Akwai doguwa mai kama da tana, wadda wasu ke kira macijin ciki. Tsawonta kan kai santimita 35, macen kuma kan saki ƙwai kusan 200,000 a rana guda. Ƙwan na fita cikin bayan gida, ya zauna a ƙasa shekaru bai mutu ba, sai ya dawo baki ta hannu mai datti, ko ta salak da karas ɗin da ba a wanke ba. In ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan kan ratsa ta huhu kafin su dawo hanji, shi ya sa wani yaron kan yi tari busasshe a rasa dalili.

Akwai ƙanana farare kamar guntun zare. Su da dare suke fitowa bakin dubura su zuba ƙwai, yaro ya kwana yana susa yana kuka, ƙwan ya maƙale a farce, gobe ya koma baki, ya kuma bi zanin gado ya kama sauran 'yan ɗakin. Akwai tsila, mai faɗi kamar ɗan madauri, wadda ake ɗauka daga naman shanun da bai dahu ba, irin tsiren da wuta ta lashi bayansa cikinsa na ja. Mai ita kan ga gaɓoɓinta farare a bayan gida, wani lokaci ma a wando. Sai kuma wadda ta fi ba ni tsoro, mai ƙugiya a baki. Ita ba ta jiran abinci, ta tafin ƙafa take huda fata ta shiga idan an taka ƙasa mai danshi da ƙazanta ba takalmi, ta je ta kafa baki a bangon hanji tana zuƙar jini a hankali.

Wannan ta ƙarshe na ga aikinta da idona a kan ɗan yayata. Yaro ne mai kazar-kazar, sai aka ga ya koma gyangyaɗi a aji, in an aike shi ya dawo yana haki. A makaranta aka ce malalaci ne, a gida aka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe kusan wata huɗu. Ranar da na ja fatar idonsa ta ƙasa na ga ta yi fari fat, na ce da uwarsa, "Yaya, yaron nan jini ne babu a jikinsa, mu kai shi a duba." Aka auna jini, aka duba bayan gida, aka ga ƙwan tsutsar. Ƙwayar magani da maganin ƙarin jini suka dawo mana da yaronmu cikin 'yan makonni. Amma zangon karatun da ya wuce shi, da bulalar da ya sha a kan laifin da ba nasa ba, babu wanda ya biya shi.

Daga nan na fahimci cewa alamomin kakarmu akwai na gaskiya, akwai na al'ada. Ciwon ciki, kumburi, rama, gudawa, kasala da ƙaiƙayin dubura da dare, duk likitoci sun san su. Cin ƙasa kuwa sau da yawa alamar ƙarancin jini ne, kuma ta cin ƙasar yaro ke ƙara haɗiyar ƙwai. Amma tauna haƙora ba hujja ba ce, yara da yawa na yi ba su da komai. Haka zancen cewa alewa da rake ke haifar da tsutsa. Zaƙi ba ya haihuwa, hannun da ya ɗauki alewar daga ƙasa shi ne mai laifi. Abin da ya fi muni, yaro na iya ɗauke da tsutsa babu wata alama ko ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan biliyan 1.5 ne ke ɗauke da tsutsotsin da ake kwasa daga ƙasa, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu.

To ina matsayin magungunan gida? Ba zan raina su ba, domin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ɗauki 'ya'yan gwanda, baƙaƙen nan da muke zubarwa. A shekarar 2007 wasu likitoci a kudu maso yammacin Nijeriya sun wallafa gwajin da suka yi da yara 60 masu ƙwayoyin cutar hanji. Rabi aka ba su busassun 'ya'yan gwanda da aka niƙa aka gauraya da zuma, rabi aka ba su zuma zalla. Bayan mako guda, 23 cikin 30 na rukunin farko bayan gidansu ya fita tas, a rukuni na biyu kuwa 5 ne kacal. Abin a yaba ne, sai dai gwajin ƙarami ne, kuma ko a cikinsa yara 7 ba su rabu da ita ba. 'Ya'yan kabewa ma al'ummomi da dama sun daɗe suna amfani da su a kan tsila, domin akwai sinadarin da ke kashe wa tsutsar jiki. Amma tsila in kanta bai fita ba, sake tsirowa take yi. Tafarnuwa kuwa tana da kyau a miya, sai dai babu ƙwaƙƙwarar shaida cewa ita kaɗai na raba mutum da tsutsa.

Matsalar jiƙo ita ce ba shi da mudu. Ƙoƙon da babba zai sha ya tashi lafiya, shi ne zai kwantar da ɗan shekara biyu. Turawa ma sun taɓa dogaro da wani magani mai suna santonin da suka tatso daga wani ɗan uwan tazargade tun wajen 1830. Yana fitar da tsutsa, amma yana sa mutum ya riƙa ganin komai rawaya, in ya yi yawa ya jawo jijjiga, daga baya suka watsar da shi. Man darbejiya ya sha jefa jarirai cikin mummunan hali. Zuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba. Mai ciki ta nisanci ɗanyar gwanda da jiƙe-jiƙe masu ɗaci. Masu ɗura wa yaro kananzir kuwa, don Allah a daina, in ya sarƙe shi ya shiga huhu, kisa yake yi.

Ƙwayar asibiti ba ta da tsada. Albendazole mai miligiram 400 ko mebendazole mai 500, ƙwaya ɗaya ake taunawa, yaron da ke tsakanin shekara ɗaya da biyu kuma rabin albendazole ake ba shi. A wuraren da cutar ta yi yawa akan maimaita sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kuma akan raba ta kyauta a makon lafiyar mata da yara. Masu kama da zare, duk gidan ake ba magani, a maimaita bayan mako biyu, a wanke shimfiɗu, a yanke farce. Tsila maganinta daban ne, praziquantel, shi ya sa gwajin bayan gida ya fi cinke. Mai ƙaramin ciki kada ta sha sai ta tambayi ma'aikatan lafiya. In kuwa yaro na amai, ciki ya kumbure ya yi tauri, bayan gida ya tsaya, to tsutsotsin na iya cure su toshe hanji. Wannan ba lokacin jiƙo ba ne, a ruga asibiti.

Sai dai ƙwaya ma kashe ta yau take yi, ba ta hana ta gobe shigowa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ganina maganin gida na gaskiya ba a kasuwar 'yan magani yake ba. Shi ne salga mai murfi, da zuba kashin yaro a cikinta maimakon bayan katanga. Shi ne sabulu ko toka a bakin banɗaki, da silifas a ƙafar yaro musamman da damina, da wanke ganye, da barin nama ya dahu har ciki, da rufe tulun ruwan sha. Wanda ya sha 'ya'yan gwandarsa ban hana shi ba, amma kada su tsaya masa a madadin gwaji idan yaro na ramewa.

Iyaye mata, yau da dare in yara sun kwanta, a duba farcensu, a ja fatar idonsu a gani. Iyaye maza, kuɗin silifas da sabulu bai kai kuɗin ledar jini ba. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.