Sim Mai Jiki Da Sim Marar Jiki



Yau ina so mu tattauna a kan wani ɗan abu da bai kai farcen yatsa girma ba, amma in ya ɓata sai ka ga magidanci ya kasa cin tuwon dare. Wato sim, ko layi kamar yadda muka saba faɗa.

Ku ɗalibai ba ku riski farkonsa ba. A 2001 Econet da MTN suka fara aiki a Nijeriya, kuma a lokacin layi kaɗai, ban da waya, sai ka ajiye wajen naira dubu 20. Mu a Fagge wajen masu lema muke zuwa a bakin titi, a buga mana, mu biya kuɗin minti. Da Glo ya zo a 2003 sai layi ya yi araha, har ya zama kowa da nasa. A 2011 aka fara rajistar layi, a watan Disamba na 2020 kuma gwamnati ta ce dole a haɗa shi da lambar ɗan ƙasa ta NIN. To, ka ga yanzu layi ba na gaisuwa ba ne kawai. Da shi ake tura kuɗi, ta kansa banki yake aiko da lambar sirri, da shi abokan ciniki suka san mutum.

Ana nan sai ga wani sabon salo, eSIM, wanda ni nake kira sim marar jiki. Masu ƙera waya ne suke dasa wani ɗan ƙwaya a cikinta tun daga masana'anta, ba ya fita. Kamfanin layi sai ya ba ka wani zane mai ɗige-ɗige da ake kira QR, ka haska shi da kyamarar waya, bayanan layinka su sauka ta intanet. Lambarka ba ta canzawa, amma tsohon sim ɗin ya mutu ke nan. A 2020 hukumar NCC ta ba MTN da 9mobile izinin gwada shi, daga baya Airtel ya bi sahu.

Me ya kawo maganar nan cikin mujallar makaranta? Dalili shi ne, a yawancin gidajenmu ku ne injiniyoyin waya. Baba zai dawo daga Kantin Kwari ya miƙo ta, ya ce, "Kai, duba min wannan abu." Umma ma haka. Saboda haka gara ku san abin da kuke taɓawa.

Marar jikin yana da amfani, ba ƙarya. Kowa ya san yadda ƙwacen waya ya dami Kano. Ɓarawo in ya samu waya, abu na farko sai ya zare sim ya sa a wata, ya nemi hanyar shiga asusun mai ita. Marar jiki kuwa ba abin da zai zare. Haka kuma ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai saro kaya, ko mai tafiya Umara, yana iya sauke layin can a wayarsa, na gida yana nan a ciki bai taɓa shi ba.

Amma fa tsohuwar zuma da ita ake magani. A ce an kwana biyu ba wuta, babbar waya ta mutu, ko ta faɗa ruwa. Mai sim mai jiki sai ya ciro shi da tsinke, ya sa a 'yar ƙaramar waya mai tocila, ciniki ya ci gaba. Mai marar jiki kuwa, galibi sai ya tafi ofis ya bi layi kafin layinsa ya dawo. Na ga wannan da idona wajen wani maƙwabcinmu mai shago a kasuwar Sabon Gari. Gilashin wayarsa ya fashe ranar Asabar da yamma, kuɗin mutane suna shigowa ba ya ganin saƙo, sai ranar Litinin ya samu kansa.

To, ga abin da nake so ku riƙe kafin a canza.

Da farko, ba kowace waya ce take ɗaukar marar jiki ba. Danna *#06#, in ka ga wata doguwar lamba mai suna EID, to tana ɗauka. Yawancin wayoyin da muka fi riƙewa masu sauƙin kuɗi ramin sim biyu kawai gare su. Akwai kuma akasin haka: tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da ramin sim ko kaɗan. In za ku raka Baba titin Beirut sayen ta hannu, ku juya ta ku duba gefenta, ku kuma tambaya ko an ɗaure ta da wani kamfanin waje. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, iyayenmu da yawa a kan sim suke ajiye lambobin mutane. A kwashe su zuwa waya tukuna, kada zumuncin shekara 20 ya tafi a minti ɗaya.

Na uku, wannan shi ne babba: kashewa daban, gogewa daban. In kana so ka koma ɗaya layin, kashe wannan kawai, yana nan yana jiranka. In ka goge shi kuwa, ya fita daga wayar ɗungurungum, kuma sau da yawa tsohon zanen ba zai sake aiki ba. Kada kuma a bar layi a kashe wata da watanni, domin in ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana iya ba wani lambar.

Na huɗu, mai jiki ne ko marar jiki, a tabbata da sunan mai shi aka yi rajista. Ranar da za a je sabunta shi, abin da ake ce wa walkam-bak, mai NIN ɗin ake nema, ba mai riƙe da wayar ba. Uwa nawa ce layinta yake da sunan wani ɗan da ya tafi Legas? Wanda kuma ya zaɓi zama da mai jiki, ya sa masa lambar kulle ta sim, ya haddace ta.

Ni dai nawa tsarin, layin banki na mai da shi marar jiki, na kira kuma na bar shi a rami don ranar da wuta ta ƙi. Wani gidan akasin haka zai fi dacewa da su. Abin da nake roƙonku shi ne, wayar da aka miƙo muku amana ce. In rubutu ya fito yana tambayar ko a goge, ba ku gane ba, ku dakata ku tambayi na gaba da ku. Idan kun koma gida yau, ku tambayi Umma da sunan wa aka yi rajistar layinta.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da ta iyayenmu, amin. Wassalam.