Wahalar Haihuwar Akuya Tun Ran Barbara Take Farawa

 Ina so in yi magana a kan wani abu da ake gani ƙarami ne, amma kuwa yana cinye jarin mata a gidajenmu, watau mutuwar akuya wajen haihuwa.

Ni mutumin ƙasar Maraɗi ne, da nonon jar akuya aka yaye ni. Duk wanda ya san jar akuyar nan ta Maraɗi da Sakkwato ya san ba ta da girman jiki, amma ga nono, ga yawan tagwaye, ga kuma fata wadda tun zamanin ayari ake ƙetare hamada da ita, Turawa suna saye suna ce mata fatar Maroko. Saboda darajarta gwamnatin Nijar ta buɗe gidan kiwonta a Maraɗi a 1963, don kada irin ya gauraye ya ɓace. A ƙauyenmu ba safai akuya kan wahala wajen haihuwa ba, domin uwa da bunsuru duk iri ɗaya ne, jikinsu ya yi daidai.

Sai da na sauko Kumasi na ga abin da ban saba gani ba. Awakin kurmi gajeru ne ƙwarai, ƙugunsu ƙarami. To, sai falke ya sauko da ƙaton bunsuru dogo daga Arewa, mai gida ya gani ya yi sha'awa, ya saya ya sake shi a tsakar gida yana cewa zai gyara iri. Bunsuru kuwa ba ya tambayar shekaru. Budurwar akuya tun tana wata biyar ko shida takan nemi barbara, alhali ƙashinta bai gama buɗewa ba. Cikin akuya kwana 150 ne, watau kamar wata biyar. Ranar da ya cika, ɗa ya ɗauko girman uba, hanya kuwa ta uwa ce.

Haka ya faru ga wata maƙwabciyarmu, gwauruwa mai marayu uku, wadda akuya ɗaya tak gare ta. Da nonon take dama wa ƙaramin fura. Wajen tsakad dare ta aiko ɗanta ya buga mini ƙofa, ya ce, "Baba, Inna ta ce ka taimaka." Na tarar akuya kwance tana nishi tun bayan lisha, ƙafa ɗaya a waje, wani kuma ya riga ya ɗaura wa ƙafar igiya yana shirin ja. Na roƙe shi ya kwance. Na yanke farce, na wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, na shafa mai, na mayar da ɗan ciki a hankali, sa'an nan na laluba na sami kan ya karkace baya. Ɗan bai zo da rai ba, amma uwar ta tashi. Abin nan da na yi, a wurin kakata na koya, Allah Ya jiƙanta, ita ce ungozomar awakin unguwarmu.

Ga abin da ya kamata kowane mai akuya ya sani. Haihuwar lafiya, ƙafafun gaba biyu ke fara fitowa, hanci yana bisansu. In ƙafafun baya biyu suka fito tare, wannan ma yakan yiwu, sai dai a hanzarta, don cibiya takan matse kafin kai ya fito. Amma in faya ta fashe, akuya ta yi rabin sa'a tana yunƙuri babu ci gaba, to, akwai abin da ya tare. Ko kai ya juya, ko ƙafa ta lanƙwashe, ko tagwaye sun taho tare sun cushe. Nan ne ake ɓarna, mutum ya kama ƙafar wannan da ƙafar wancan yana ja. Sai a bi ƙafa da yatsa har kafaɗa, a tabbata ita da kan na ɗa guda ne. In za a ja, a ja sa'ad da uwar ke yunƙuri, a yi ƙasa wajen ƙafafunta, ba da igiya da ƙarfin ƙato ba. In hannu ya kasa shiga, ko ɗan ya fi hanya, a bar jarumtaka a nemi likitan dabbobi tun akuya tana da sauran ƙarfi, domin sukan tsaga ciki su fitar.

Da ya faɗo a share masa hanci, a ajiye shi gaban uwa ta lashe, a kuma tabbata ya sha dakashi nan da nan. Mabiyiya kada a ja ta. In ta wuce sa'a 12 ba ta faɗo ba, a kai magana ga likita. Mace mai ciki kuwa kada ta sa hannu cikin wannan aiki ko kaɗan, akwai cututtukan da ke bin ruwan haihuwar dabba su zubar da cikin mutum. Wannan iyayenmu mata su riƙe shi da kyau, tun da yawanci awakin nasu ne.

Roƙona ga 'yan'uwana fatake ne. Kun fi kowa sanin dabba da ido. In mutum ya zo sayen dogon bunsuru, ku tambaye shi wace irin akuya ke gidansa. In gajera ce, ko ba ta taɓa haihuwa ba, ku nuna masa matsakaici, ko da ribar ta ragu. Mai gida kuma ya kafa wa bunsuru turkensa dabam, kada ya kusanci 'yan ƙanana sai sun kai wata takwas zuwa shekara. Wata biyun ƙarshe na ciki a ƙara wa uwa harawa da dusa da 'yar kanwa, kada kuma a bar ta ɗaure wuri ɗaya yini zubur ba motsi.