Gonakin Staffordshire da Masu Neman Abin da Ƙasa ta Haɗiye

Wanda ya bar Bamingham ya nufi arewa, kafin awa guda zai isa Hammerwich, wani ƙauye a gundumar Staffordshire ta Ingila. Gonaki ne kore shar, shingayen tsirrai sun raba su, hadari kuma ba ya nisa da sararin samaniya. Ba abin da zai ja idon baƙo. Amma a wata gona a nan ne, cikin Yulin 2009, na'urar gano ƙarfe ta Terry Herbert ta yi ƙara, aka tono guntayen zinariya da azurfa fiye da 3,500, akasarinsu adon takubba na wajen ƙarni na bakwai. An yi musu ƙima fam miliyan 3.285, aka raba kuɗin tsakaninsa da mai gonar.

Har yau, ranakun Asabar da Lahadi, akan ga mutane cikin rigunan ruwa suna bin gonakin da aka girbe, suna kaɗa na'urorinsu dama da hagu kamar masu shara. Masu neman zinariya a Jado, arewacin Nijar, sun san irin wannan na'ura tun 2014, sai dai can ƙura da zafi ne abokan gabarta. A nan kuwa ruwa ne, kuma wanda zai jira a ɗauke ba zai fita ba.

Nan ne sabon shiga kan yi asara. Yawancin na'urorin, faifan da ke goga ƙasa ne kaɗai ba ya jin ruwa. Akwatin da ke ɗauke da allo da batir kuwa, ruwan sama mai ƙarfi na iya lalata shi. Rubutun "tana jure yayyafi" a jikin kwali daban yake da a ce ana iya nutsar da ita. Garrett AT Pro da Minelab Equinox 800 sukan jure zurfin mita 3, XP Deus II kuwa har mita 20. A ganina mita 3 ta wadatar da mai taka gefen kogin Trent ko tafki, ƙarin zurfin na masu ninƙaya da tukunyar iska ne. Abin kunne ma sai an duba, domin marar waya kan katse da zarar akwatin ya nutse.

Ruwan daɗi ya fi na teku sauƙi. Gishiri na rikita na'ura, shi ya sa masu bin gaɓar teku kan nemi mai aiki da bugun lantarki, wadda ke kai wa zurfi amma ba ta iya bambance ƙusa da zobe sosai. A kogi, inda tsatsattun ƙarafa suka yi yawa, wadda ke tantance nau'in ƙarfe ta fi amfani.

Sai dai tsadar na'ura ba ta ba mutum iznin tono. Kowace gona da mai ita, haka ma ƙasan kogi. Dokar dukiyar da aka tono ta 1996 ta wajabta kai rahoto ga jami'in shari'a na yankin cikin kwana 14. Herbert ya sanar da hukuma, masana suka zo suka ƙarasa tonon bisa ƙa'ida, kayan kuma yanzu mallakar gidajen tarihi na Bamingham da Stoke-on-Trent ne.