Rundunar Adda da Ɗanyen Ganye

Duk wanda ya yi wayo a Gana a shekarar 1983 ba sai an ba shi labarin yunwa ba. Daminar 1982 ta yi gardama, hunturu ya zo ya ƙi tafiya, ruwan madatsar Akosombo ya ja baya har aka koma rabon wutar lantarki. A watan Janairu kuma gwamnatin Shehu Shagari ta ce baƙi marasa takarda su bar Nijeriya, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida da ƙunshi a ka, suka tarar da tukunya a kife. Mutane suka rame har ƙashin wuya ya fito, ana kiransa sarƙar Rawlings, da sunan shugaban ƙasar na lokacin. Ana cikin haka wutar daji ta sauka, ta lashe gonakin koko a kudu, ta lashe masara da doya a wajenmu.

Muna zaune a zangon wani ƙaramin gari a ƙasar Ejura, inda kurmi ke ƙarewa ciyawa ta karɓa. Kakanninmu fataken goro ne da suka sauke kaya ba su sake ɗauka ba. Ni a lokacin gemu bai fito mini ba.

Ranar da wutar ta zo mana, bayan azahar ne. Shirwa muka fara gani, garke guda, suna shawagi a bakin hayaƙi suna cafke farar da wuta ta koro. Sai ƙara ta biyo, gamba da tofa na fashewa tas-tas-tas ba tsayawa. Baƙar toka ta riƙa sauka a tsakar gida, Inna na rufe randa tana salati. Muka ruga da bokitai, alhali rijiyar zango sai an kwana ana jira kafin ta tara guga ɗaya. Motar kwana-kwana tana can birni, garin kuma ko waya babu. Muna tsaye rumbunan masara da ke bakin gona suka kama ɗaya bayan ɗaya.

Abin da har yau yake tsaya mini a maƙogwaro shi ne ƙanshin. Gari ya game da ƙanshin gasasshiyar masara. Manya na kuka, mu yara yawunmu na tsinkewa. Washegari mata suka durƙusa cikin toka suna tsince ƙwayar da ba ta zama gawayi ba, Inna ta dama mana kunu da ita, baƙi, mai ɗaci, muka shanye har muka suɗe ƙwarya.

Daga nan aka shiga tambayar wa ya sa wuta. Masu iya sa ta suna da yawa: mai farautar gyazbi, mai ɗiban zuma, mai ɗiban bammi, makiyayi mai son sabuwar ciyawa ta tsiro, ko manomin da ya gasa doya ya bar murhu. Amma yatsa ya fi karkata wajen zango. In mun shiga kasuwa sai hira ta mutu.

Sarkin Zango ya ɗauki liman suka tafi wajen Odikro, dagacin garin. Abin da suka dawo da shi ke nan: kowane gida, na zango da na 'yan ƙasa, zai ba da saurayi ɗaya, ba albashi, ba goro. Aka damƙa mu a hannun wani tsoho da ya yi yaƙin Bama, muna ce masa Baba Soja. Kayan aikinmu adda, fartanya, ɗanyen reshen dalbejiya, da wani tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota da aka rataye a bishiyar mangwaro. In aka buga shi, ko kana tsakiyar cin tuwo ka ajiye.

Mun zaci za mu riƙa faɗa da wuta. Sai ga shi da ruwa ya ɗauke, shara Baba Soja ya sa mu. Mu sare ciyawa, mu kankare ƙasa tas, faɗin hanyar mota, kewaye da rumbuna da bayan gari, har tafin hannu ya yi kanta. Gadin dare kuma bibbiyu yake raba mu, dole ɗaya ɗan zango ɗaya ɗan Asante. Na ce masa, “Baba, a haɗa ni da ɗan kawuna mana, mun fi jin maganar juna.” Ya dube ni ya ce, “Yaro, je ka inda na sa ka.” Haka na riƙa kwana a kan suri da wani yaro, Hausarsa gutsi-gutsi, Asantancina gutsi-gutsi, muna raba rogo ɗaya.

Da hunturu ya sake kamawa wuta ta dawo, da dare, iska na bayanta. Aka buga ƙarfe. Baba Soja ya jera mu a bakin sharar, ya kunna damin ciyawa, ya bi layin yana cinna wa gamba wuta da hannunsa. Gwiwoyina suka ɗauki rawa. Na ɗauka tsufa ya taɓa shi. Wutarsa ta riƙa rarrafe tana tunkarar babbar, mu kuma muna dukan duk tartsatsin da ya tsallako. Hayaƙi ya rufe mini ido, ban san rigata ta kama ba sai da na ji abokin gadina na jibgata da ganye a baya. Da wutar biyu suka haɗu, harshe ya tashi ya wuce tsayin giginya, sannan ya faɗi, don babu sauran abin ci. Rumbu ko ɗaya bai kama ba.

Sai a 1990 gwamnati ta yi dokar hana ƙona daji da ta ce kowane gari ya kafa 'yan sa kai na kashe gobara. Jami'an kwana-kwana suka zo suka koya mana aiki, suka tarar muna da shekaru a ciki.

Hikimar haɗa mu bibbiyu kuwa ban gane ta ba sai ranar da wata gonar doya ta ƙone, wani ya miƙe a gaban Odikro ya ce aikin mutanen zango ne. Sarkin Zango bai ko motsa ba. Mahaifin abokin gadina ne ya tashi, ya gyara mayafinsa a kafaɗa, ya ce ɗansa ya kwana a kan suri da ɗan zango, kuma su biyu suka fara ganin wutar, daga wajen masu bammi ta taso. Odikro ya sa aka kira mu, muka faɗi abin da muka gani, aka sallami kowa.